Demerara, Muscovado, Panela ko Molasis: Wane Sukarin Rake Ya Cancanci Kuɗinki?

Ƙanwata da ke aure a Birmingham ta turo mini hoto daga wani babban kanti: ledojin sukari jere reras, wani ruwan zuma, wani ja, wani baƙi kamar daddawa. A ƙarƙashin hoton ta rubuta, "Yaya, alkaki da nakiya zan yi na suna, wanne zan ɗauka? Kowanne cewa yake shi ne na asali." Ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba. Manyan kantunan Abuja da Kano ma yanzu suna kawo su, masu talla a intanet kuma sun iya yi musu kirari: ɗan Karibiyan ne, ba a tace shi ba, ya fi lafiya. Na daɗe ina yin kek da kayan gara na sayarwa, kuma kusan kowannensu na saye shi da kuɗina. Wasu sun yi mini rana, wasu sun ja mini asarar fulawa da ƙwai. Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan.

Abu biyu Karibiyan, yankin tsibiran da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, ta yi suna da su daga rake: sukari da giyar da ake kira rum. Ta biyun ba ta cikin lissafina, sai dai dole in ambace ta saboda sunayensu sun sarƙe da juna. In kika rubuta Demerara a intanet, kwalaben rum ɗin El Dorado na ƙasar Gayana za su fito miki tare da ledojin sukari. In kika rubuta Barbados, sai ga Mount Gay, wanda takardunsa suka faro tun 1703. Rake ɗaya ne, gona ɗaya, a matakin ƙarshe ne hanya ta rabu. Mai oda daga nesa ta duba hoto da bayani da kyau kafin ta biya.

Yadda rake ke zama sukari

Duk bambancin da ke tsakanin waɗannan ledoji yana komawa ga abu ɗaya, wato baƙin maɗin da ke cikin ruwan rake, wanda Turawa ke kira molasses, mu ce molasis. Ana matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, ƙwayoyin sukari su fara fitowa a cikin maɗin. Daga nan sai a zaɓa. In aka bar komai tare ya daskare, an samu panela, ko mazarƙwailarmu. In aka tsiyaye wani ɓangare aka bar saura, an samu muscovado. In aka zuba a injin da ke juyawa da gudu ya watsar da maɗin, ya bar ɗan kaɗan a jikin ƙwaya, an samu demerara. In aka wanke, aka narkar, aka tace, aka sake ƙwayantawa, an samu farin sukari. Maɗin da aka fitar kuwa shi ne molasis, shi ne kuma abin da yawancin masu rum ke tsimawa.

Rake baƙo ne a Karibiyan. Kolumbus ne ya kai shi tsibirin Hisfaniyola a tafiyarsa ta biyu, a 1493. Daga shekarun 1640 Barbados ta koma gonar rake kusan gaba ɗayanta, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka sare shi, suka tsaya gaban manyan tukwanen tagulla dare da rana, don rake ba ya jira: in aka sare shi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu zaƙinsa zai fara lalacewa. Yau masana'antar ta ja baya sosai. Tirinidad ta rufe kamfanin sukarinta na Caroni a 2003, Sen Kits ta daina noman sukari a 2005, Barbados kuma injin Portvale kaɗai ya rage mata. Wannan ya shafi aljihunki kai tsaye, don yawancin abin da ke ɗauke da sunan Karibiyan a kanti ba daga can ya fito ba. Sunan ya zama sunan iri, kamar yadda muke cewa shadda ko atamfa ba tare da tambayar masaƙa ba.

Ma'aunin da nake aunawa da shi

Na farko, maɗi nawa ya rage a ciki, kuma barin sa aka yi ko shafa shi aka yi daga baya. Wannan shi ne uwa uba, shi ke kawo ƙamshi da launi da danshi.

Na biyu, yadda yake a hannu: yana narkewa da sauri, yana aunuwa da kofi, ko sai an nemo taɓarya.

Na uku, ajiya. A nan dole in yi magana da yanayin da mai saye ke zaune. Abin da hunturun Kano ke yi wa sukari daban, abin da damina ke yi masa daban, gidan Ingila mai na'urar ɗumama ɗaki kuma wani hunturun ne na daban.

Na huɗu, kuɗi. Ba zan kawo farashi da naira ba, kayan waje da dala suke tafiya, abin da na rubuta yau gobe ya zama tsohon labari. Zan dai faɗi wanne ne mai araha, wanne ne mai tsada, wannan ba ya cika sauyawa.

Na biyar, haɗari: algus, lalacewar girki, da maganar lafiya.

Demerara

Sunan wani kogi ne da yankinsa a Gayana, ƙasar da ke gaɓar Amurka ta Kudu amma ake lissafa ta cikin Karibiyan saboda harshe da tarihi. Mutanen Holan ne suka fara mallakar yankin kafin ya koma hannun Ingila. A shekarun 1830 gonakin wurin suka fara dafa ruwan rake a rufaffiyar tukunya da aka zuƙe wa iska, wadda ke tafasa ba tare da wuta mai yawa ba, sai sukarinsu ya riƙa fitowa da manyan ƙwayoyi masu ruwan gwal, ba cukurkuɗaɗɗen baƙin da aka saba gani ba. Har yau kamfanin gwamnatin ƙasar, GuySuCo, wanda aka kafa a 1976, yana sayar da nasa da sunan Demerara Gold. Amma wanda ƙanwata ta gani a Birmingham, da ta juya bayan ledar, Morishus aka rubuta, tsibirin da ke can Tekun Indiya. Wannan ba algus ba ne, sukarin Morishus mai kyau ne.

Maɗinsa kaɗan ne ƙwarai, kusan dukkansa sukari ne zalla. Ɗanɗanonsa zaƙi ne mai ɗan garɗi kamar alewar madara. A shayi ko kofi ba shi da na biyu cikin waɗannan, haka a barbaɗa a saman kek ko biskit kafin a gasa, don ƙwayarsa ba ta narkewa, tana fitowa da ƙyalli da ƙaras-ƙaras a baki.

Wannan ƙin narkewar ita ce aibinsa. Na taɓa karɓar aikin kek na walima, farin sukarina ya ƙare, na ce ai demerara ma sukari ne, har ya fi tsada. Na buga shi da bota har hannuna ya gaji, ina murzawa da yatsa ina jin tsakuwa. Kek ya fito a danne, samansa da ɗigo-ɗigo masu duhu kamar fuskar da ta sha ƙuraje. Sai da na sake wani da daddare. In dole sai da shi za ki yi, ki niƙa shi a bilenda tukuna, ko ki narkar da shi a madara mai ɗumi.

Wajen ajiya kuwa shi ne mai sauƙin kai. A kwalba mai murfi zai shekara bai canza ba, kiyashi kawai za ki tsare. Kuɗinsa tsaka-tsaki ne, ya fi farin sukari sosai amma bai kai muscovado ba. Abin lura ɗaya: akwai wanda farin sukari ne mai manyan ƙwayoyi aka shafa wa molasis. Ki duba jerin abin da ke ciki. In an rubuta sukari da molasis a matsayin abu biyu, shafe ne. Ko ki zuba cokali ɗaya a tafin hannu ki ɗiga ruwa ki murza: na shafe zai wanke ya koma fari tas. Na gasken ma launinsa zai ragu, amma ba ya yin fari fat irin wancan.

Akwai ɗan'uwansa turbinado, wanda aka fi gani a Amurka. In shi kika samu, ki ɗauke su abu ɗaya.

Muscovado

Wannan shi ne tsohon sukarin Karibiyan, har ana ce masa sukarin Barbados. Sunan daga harshen Fotugal ya fito, ma'anarsa wanda ba a tace ba, kuma a da ba yabo ba ne, shi ne mai araha da ake lodawa a jirgi a kai Turai a tace. Ana zuba dafaffen ruwan raken a manyan gangunan katako masu huda a ƙasa, maɗin ya yi makonni yana tsiyaya, abin da ya rage shi ne muscovado. Yau Morishus da Filifin ne suka fi fitar da shi, kuma Billington's na cikin sunayen da za ki fi gani a kantunan Ingila. Abin da ya zama na talaka jiya shi ne mai tsadar kanta yau.

Iri biyu ne, mai haske da mai duhu. In kika buɗe ledar mai duhun, ƙamshin zai cika kicin: kamar dabino, kamar alewa da ta kusa ƙonewa, da ɗan bauri a ƙarshe. A hannu kamar jiƙaƙƙen yashi yake, in kika dunƙula zai tsaya. Ƙwayarsa ƙanana ce, saboda haka yana narkewa nan da nan, yana kuma buguwa da bota.

Ni a ganina shi ne ya fi kowanne daɗi a abin da aka gasa. Kek ɗin 'ya'yan itace, kek ɗin citta, biskit mai taushi, duk yana ɗaga su. Maɗin da ke cikinsa yana riƙe danshi, kek ɗin da aka yi da shi zai kwana uku bai bushe ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayarwa. Yana da ɗan tsami a ɓoye, shi ya sa girke-girken da ke amfani da shi suka fi son bekin soda, su biyun ne ke haɗuwa su tashi ƙullun. A girkin nama ma yana aiki. Mutanen Tirinidad kan narkar da jan sukari a cikin mai har ya yi kumfa ya yi duhu, sannan su zuba kaza, launin miyar daga nan yake fitowa. Na gwada da muscovado mai haske, ya yi, amma sai an tsaya a kansa, tsakanin ja da ƙonewa ƙiftawar ido ce.

Matsalarsa biyu. Ta farko tsada, shi ne a sama. Ta biyu hunturu. Na taɓa barin rabin leda a ɗaure da kyauro cikin watan Janairu, bayan mako biyu na ɗauko dutse, har na buga shi a kan teburi ya yi ƙara. Bai lalace ba, ruwan jikinsa ne iska ta shanye. Maganin da na koya: a sami tsingaro mai tsabta, a jiƙa shi kamar minti 20, a goge, a jefa cikin robar sukarin a rufe ruf. Kafin gari ya waye ya saki. Yankin burodi ma yana yi. Da damina kuma akasin haka ne, in murfi bai kama ba zai jawo laima ya yi danƙo. Ki sayi ƙaramar leda, kada ki ce za ki tara.

Kuma ba ko'ina yake shiga ba. Ƙarfinsa yana danne ƙamshi mai sanyi. A tuwon madara ko gireba zai ɓata launi, ya kuma rufe ɗanɗanon da ake nema.

Panela, da abin da Goggo ta ce

Panela curi ce mai tauri, wata kamar bulo, wata kamar faifai, wata kamar mazurari. Ruwan rake ne aka dafa a buɗaɗɗen kasko har ya kama, aka zuba a mazubi ya daskare, ba a cire komai ba. Kolombiya ce gidanta, ita ce ta biyu a duniya bayan Indiya wajen yin irin wannan sukari, kuma a can ana narkar da ita a ruwa a sha da lemon tsami ko madara, abin da suke kira aguapanela. Kowace ƙasa da sunan da take kiran ta: papelón a Benezuwela, piloncillo a Meziko, raspadura a Kyuba da Fanama, rapadou a Haiti, rapadura a Birazil. Masu yin ta a Kolombiya kan zuba yauƙin ɓawon wasu itatuwa a ruwan raken don ya tattaro datti ya taso sama a kwashe.

Wata abokiyar sana'a ce ta kawo mini guda biyu tsaraba, a naɗe cikin leda mai rubutun Sifaniyanci, na ajiye ina ji da su. Goggona ta zo daga Zariya, na fasa ɗaya na miƙa mata ina cewa, "Goggo, ɗanɗana wannan, daga Amurka ta Kudu aka kawo." Ta ɓantara, ta tsotsa, ta dube ni. "Ke 'yar nan, ai mazarƙwaila ce. Ta Maƙarfi ma ta fi ta ƙamshi." Na yi dariya, amma da na jera su na ɗanɗana, ban iya musa mata ba. Hanyar yin su ɗaya ce. Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce wanda ke tsakanin mazarƙwailar wannan gari da ta wancan ba: irin raken, ƙasar da ya fito, da hannun mai dafawa.

To ga mai zama a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, sayen panela da kuɗin waje ɓarnar kuɗi ce. Ga ƙanwata a Birmingham kuwa, ita ce mafita. In ba ta samu ba, shagunan 'yan Indiya da Fakistan suna sayar da tasu da sunan jaggery ko gur, sai dai ta tabbatar ta rake ce, don akwai ta dabino da ta wasu itatuwa dangin giginya.

A ɗanɗano tana da zurfi, da ɗan ƙaurin wuta wanda muscovado ba shi da shi. Ita ce ta nakiya, ta kunun tsamiya, ta kantun riɗi, ta ruwan da ake tsoma alkaki in ana son ya yi ja. A zoɓo ma tana kyau. Zoɓon nan kuwa su ma suna shan sa, a Jamaika sorrel suke ce masa, da citta suke haɗawa lokacin Kirsimeti, kuma da yawa suna zuba masa rum, don haka wanda aka miƙa wa kofi a can ya tambaya.

Wahalarta a hannu take. Ba ta aunuwa da kofi sai an goge ta ko an daka, kuma zaƙin wannan curi ba lallai ya zo ɗaya da na wancan ba, wanda ke sa mai kek ta kasa samun abu iri ɗaya kullum. Abin da nake yi shi ne in fasa ta, in zuba ruwa kaɗan in narkar a wuta, in tace da rariya mai laushi. Tacewar nan wajibi ce, musamman ga ta kasuwa: na sha ganin yashi da ɓurɓushin ɓawon rake a gindin rariya. Sannan kada a jefa ta cikin madarar da ke tafasa, tana iya tsinka ta. A sauke, a bari ta ɗan huce, sannan a zuba.

Da rani tana daɗewa ba abin da ya same ta. Damina ce abokiyar gabarta, tana tsotsar laima ta fara zufa, ta yi danƙo, wani lokaci har fumfuna. A naɗe ta a saka a roba mai murfi, ko a firji.

Algus ya fi yawa a nan. Wasu na narkar da farin sukari su rina su zuba a mazubi, wasu na zuba sinadarin da ke haska launi don mai saye na son ja mai kyau. Abin ya kai Kolombiya ta yi doka a 1990 da ta hana yin panela da narkakken sukari. Ni dai in na ga curi ya yi haske fiye da kima, launinsa bai ɗaya kamar an yi masa fenti, ba na saya. Mai duhu-duhu, mai ƙamshin rake, ita nake nema.

Molasis

Shi ba sukari ba ne da za ki maye gurbin wani da shi, kayan ƙamshi ne mai zaƙi. Ana dafa ruwan rake sau uku ana cire ƙwaya. Na dahuwar farko mai haske ne mai zaƙi, na biyu ya fi duhu, na uku shi ne blackstrap, baƙi ƙirin, mai kauri, mai ɗaci. A Ingila za ki ga gwangwanin baƙin ruwan maɗi da sunan black treacle, na Lyle's ya fi shahara, shi ma danginsu ne. Akwai kuma wanda ake kira fancy molasses, wanda Barbados ta daɗe tana aikawa gabashin Kanada, da sirop de batterie na tsibiran Gwadaluf da Martinik. Waɗannan biyun ruwan rake ne aka dafa ya yi kauri ba tare da an cire masa sukari ba, don haka sun fi daɗin lasa, sun fi kusa da maɗin da muka sani.

Tambayar da aka fi yi mini: tunda da shi ake giya, ya halatta? Molasis ɗin da ke cikin kwalba babu giya a cikinsa, kamar yadda babu ita a cikin dawa ko inabi. Sai an tsarma shi da ruwa an sa yis an bar shi kwanaki. Abin da za a kiyaye shi ne kayan da aka riga aka haɗa, irin baƙin kek ɗin Karibiyan na biki da Kirsimeti, wanda 'ya'yan itacensa ke yin watanni a jiƙe cikin rum.

Amfaninsa mafi girma a wurina dabara ce ta rage kashe kuɗi. Kofi ɗaya na farin sukari, babban cokali ɗaya na molasis, a murza da yatsu har ya haɗe, kin samu jan sukari mai haske. Cokali biyu, kin samu mai duhu. Abin da kamfanoni ke yi ke nan su sa a leda su rubuta soft brown sugar, mai hasken maɗinsa wajen kashi 3.5 cikin ɗari, mai duhun wajen 6.5. Bai kai muscovado zurfin ƙamshi ba, amma a cikin kek mai kayan ƙamshi da yawa ba kowa zai gane ba. Kwalba ɗaya tana yi mini watanni.

Ki nemi wanda aka rubuta unsulphured, wato ba a sa masa farar wuta ba. Kada ki sayi blackstrap don kek sai girkin ya ambace shi da suna, ɗacinsa zai mamaye komai. Kuma na jarka da ake sayar wa masu kiwo don haɗa abincin shanu ba na mutane ba ne, komai arharsa.

| Iri | Maɗi | Sauƙin aiki | Ajiya | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Demerara | kaɗan | yana aunuwa, ba ya saurin narkewa | ba matsala | tsaka-tsaki | na shafe |
| Muscovado | da yawa | yana narkewa, yana saurin ƙonewa | yana daskarewa da hunturu | mafi tsada | danne ɗanɗano |
| Panela | dukkansa | sai an fasa an tace | tana jin damina | tsada in daga waje | algus |
| Mazarƙwaila | dukkansa | sai an fasa an tace | tana jin damina | araha a gida | yashi, algus |
| Molasis | shi ne maɗin | cokali kaɗan ya isa | watanni a rufe | kwalba ɗaya na daɗewa | ɗaci, na dabbobi |

Maganar lafiya

A nan ne tallar ta fi yin ƙarya. Gaskiya ne maɗi na ɗauke da sinadaran ƙarfe da kalsiyam da fotasiyam, kuma blackstrap ya fi kowanne. Amma a demerara abin bai taka kara ya karya ba, a muscovado da panela ma sai mutum ya sha abin da zai cutar da shi kafin ya samu na kirki. Giram 100 na farin sukari kalori 387 ne, na ja kuwa wajen 380. Mai ciwon sukari da aka ce wa ya koma mazarƙwaila ko panela don ba ta da illa, an cuce shi, jininsa zai hau kamar yadda zai hau da fari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke samu a abincinsa na rana, wajen giram 50 ke nan ga babba, kuma ba ta ware ja daga fari ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba: farin sukarin da ake sayarwa a Najeriya doka ta wajabta a ƙara masa bitamin A, na waje mai tsadar nan ba lallai yana da shi ba. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa kafin ya fara shan blackstrap cokali-cokali, saboda fotasiyam ɗinsa.

Wa zai ɗauki wanne

In shayi da kofi ne damuwarki, ko kina son abin barbaɗawa a saman kek da biskit, demerara. Shi ne kuma na wanda ba ya son wahalar ajiya.

In kina gasa abu na musamman, kek ɗin biki mai 'ya'yan itace ko na citta, kuma mai oda zai biya, muscovado mai duhu. In sau ɗaya a wata kike kunna oven, ƙaramar leda ta mai haske ta ishe ki, ki tanadi tsingaronki.

In sana'a kike yi kullum kuma kina lissafin riba, farin sukarin gida da kwalbar molasis ɗaya. Wannan shi ne abin da ni kaina nake yi a kashi mafi yawa na aikina, muscovado sai aikin da na sa wa farashi na daban.

In kayan gargajiya ne, nakiya, kunu, kantu, kuma kina gida, mazarƙwaila daga hannun wanda kika sani, a narkar a tace. In kina Turai ko Amurka, panela ko gur ta rake.

In tuwon madara ne, gullisuwa, gireba ko duk abin da ake son ya fito fari, kada ki taɓa ko ɗaya cikinsu, farin sukari ne nasa.

Ƙanwata dai gur ta saya a shagon wani ɗan Fakistan da ke layinsu, ta yi nakiyarta da ita. Alkakin kuwa na ce ta dafa ruwan tsomawar da farin sukari da tsamiya kamar yadda Inna ke yi, ta jefa ɗan gutsuren gur ɗin don launi. Demerarar da ta riga ta saya tana nan a kwalba kusa da butar shayi.